Jagorar Saye da Riƙon Tsohuwar Mota Mai Turbo da Jan Ƙafa Huɗu a Arewacin Kamaru

Duk wanda ya saba bin hanyar Garwa zuwa Marwa ya san cewa Toyota ce ta mamaye ta, daga Corolla da Carina har zuwa Hilux, domin kowane bakanike ya san cikinsu, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Amma lokaci-lokaci akan sami matashi ko ma'aikaci wanda ransa ya biya ga wata irin mota dabam, ƙarama mai ƙofa biyu, mai kwanciya a ƙasa, wadda injinta ke da turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska domin ya ƙara ƙarfi) kuma ƙafafunta huɗu duka suke ja, wato kat-kat ce ko da yake ba ta da tsayin motocin daji. Waɗanda za mu yi magana a kansu an ƙera su ne tsakanin 1980 da 2006, ke nan ko autarsu ta doshi shekara 20 a duniya, kuma an tsara su ne domin titunan Turai da Japan da Amurka, inda babu zafin watan Afrilu na bakin Binuwai, babu ƙurar hunturu, babu man kwalba. Ana iya riƙe irin wannan mota a nan ta yi lafiya, da sharaɗin mai ita ya bi abin daki-daki tun kafin ya fitar da ko sisi.

Mataki na farko: sanin wadda za ta iya rayuwa a nan

Kakar wannan zuri'a ita ce Audi Quattro da aka fito da ita a 1980, mai inji silinda biyar da ƙarfin doki 200, wadda ta sauya yanayin tseren rali a duniya. Ita da magajiyarta Audi S2 ta farkon shekarun 1990 sun zama kayan masu tara tsofaffin motoci a Turai, kuma farashinsu ya wuce abin da ya kamata a kashe wa motar da za ta riƙa shiga ramukan unguwa. Nissan Skyline GT-R ta 1989 ma haka take, ga shi kuma sitiyarinta a hannun dama yake, alhali mu a hannun dama muke tuƙi. Wanda ya taɓa neman wuce tirela a hanyar Figil da motar da direbanta ke zaune a ɓangaren daji ya san cewa sai ya fito da rabin motar kafin ya hango abin da ke tafe.

Mitsubishi 3000GT VR-4 tana ruɗar mutane saboda kyan sura da ƙarfin doki 300, wanda ya koma 320 daga 1994. Injinta silinda shida ne da turbo biyu, an cusa shi a wuri matsattse, har ta kai turbon baya ba ya taɓuwa sai an kwance kaya da yawa, sannan tana da na'urar juya ƙafafun baya da shakazoba mai aiki da lantarki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofar kashe kuɗi ce. A ganina, wanda ke zaune a Garwa ko Kuseri ya bar ta ga masu kallo a waya.

Saura guda huɗu da ake iya magana a kansu. Akwai Toyota Celica GT-Four, wadda aka yi ta zubi uku daga 1986 zuwa 1999, mai injin 3S-GTE na lita 2, kuma ita ce Carlos Sainz ya ci gasar rali ta duniya da ita a 1990 da 1992. Akwai Mitsubishi Eclipse GSX da 'yar uwarta Eagle Talon da aka haɗa a Amurka, masu injin 4G63. Akwai Opel Calibra Turbo ta 1992 zuwa 1997, mai ƙarfin doki 204 da giya shida. Sai Audi TT quattro ta 1998 zuwa 2006, mai injin 1.8T, wadda ke zuwa da ƙarfin doki 180 ko 225. Ana gane ta 225 da bakin salansa biyu a baya. Idan aka tambaye ni, TT ce ta fi dacewa da mu, kuma dalilina ba ya da alaƙa da gudu. An gina ta ne a kan ƙashin Volkswagen Golf ta huɗu, injinta kuma dangin wanda ke cikin Passat da Audi A4 da A3 ne, saboda haka fulogi da koyil da famfon ruwa da yawancin kayan ƙafa ana samunsu a inda ake sayar da kayan Golf. Celica ce ta biyu, amma kada sunan Toyota ya yaudari mutum, domin turbonta da giyabos ɗinta da kayan ƙafar gaba na zubin ƙarshe ba irin na Carina ba ne.

Mataki na biyu: bakanike da hanyar kaya kafin mota

Yawancin mutane sukan sayi mota tukuna, sai ta tsaya su fara cigiyar mai gyara. A irin wannan mota tsarin juyawa yake yi. Ka fara neman bakaniken da ya taɓa kwance injin fetur mai turbo, wanda yake da na'urar karanta kwamfutar mota, kuma yana da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Ka zauna da shi a garejinsa ka ga yadda yake aiki: idan yana ajiye kayan cikin inji a kan rairayi, ko yana cire tamostat ya jefar da sunan maganin zafi, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Daga nan sai hanyar kaya. Ƙananan abubuwa ana samu a Garwa da Marwa, ko a tsallaka Yola da Mubi. Manya kuwa sai Kam Yabasi a Duwala, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, wasu kuma dole sai an yi odarsu daga Turai ta hannun ɗan uwa ko amintaccen ɗan kasuwa. Tun yanzu ka tambayi kuɗin turbo da kuloci da cikakken kayan taimin na motar da ka zaɓa, ka rubuta. Shawarata ita ce, duk abin da ka tanada, kashi biyu cikin uku ne na saye, kashi ɗaya kuma a ajiye shi domin gyaran watannin farko. Kuma kada ta zama ita kaɗai ce abin hawanka, domin ranar da za ta jira wani ƙarfe daga Jamus, jiran zai iya kai wata guda.

Mataki na uku: takardu

Mota ko dai tana cikin ƙasa da lambarta, ko kuma za a shigo da ita ta tashar Duwala ko ta Kwatano. Idan shigowa za ta yi, ka sa wakilin fito ya lissafa maka kuɗin duwan, wato kwastan, tun kafin a ɗora ta a jirgi, domin dokar Kamaru tana ɗora ƙarin haraji a kan motocin da suka haura shekara 10, kuma duk waɗannan sun haura. Idan tana cikin ƙasa, ka nemi kart giriz (takardar rajistar mota) na asali da takardar fiton duwan da shaidar bizit (gwajin lafiyar mota), ka gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfen motar da wadda ke takarda, harafi bayan harafi. Motocin Turai da Amurka lambarsu guda 17 ce, na kasuwar cikin Japan kuwa ta fi gajarta. Idan ka ga alamar walda ko sabon fenti a kewayen lambar, ciniki ya ƙare a nan. Haka nan idan sunan da ke kart giriz ba na mai sayarwa ba ne, kuma babu takardar ciniki mai hatimin hukuma da ta haɗa su, ka sani cewa kai ne za ka riƙa yi wa jandarma bayani a kowane shinge.

Mataki na huɗu: duba inji, kuma da sanyin safiya

Ka gaya wa dillali cewa kana so ka sami motar ba a tayar da ita ba tun jiya. Da ka isa, ka ɗaga bonet ka ɗora bayan hannunka a kan inji. Idan da ɗumi, an riga ka, sai ka ce gobe ka dawo. Inji mai sanyi ba ya iya rufa asirin mai shi. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa: kumfa mai kama da madarar da ta tsinke alama ce ta ruwa yana haɗuwa da mai, baƙin dasƙararren datti kamar kwalta kuma alama ce ta an daɗe ana wasa da juyen mai. Wannan na biyun shi ne ciwon injin 1.8T, domin dattin yakan toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta, turbo ya rasa mai, ya ƙone.

Sai bakanike ya cire bututun da ke kai iska bakin turbo, ya sa yatsa biyu ya kama ƙarfen tsakiya ya girgiza. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi ba ne, domin mai ne ke cike gurbin idan inji na aiki. Amma idan ƙarfen yana shiga yana fita, ko fukafukan suna gogar bango, ko bakinsu ya cinye kamar an goga da yashi, turbon ya gama. Wannan ƙarfe yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, don haka ƙaramin lahani ba ya daɗewa yana ƙarami.

Yanzu a tayar, kai kuma ka tsaya a baya kana kallon salansa. Hayaƙi shuɗi mai ne ke ƙonewa, ko daga turbo ko daga ringi. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne, galibi gaskit. Baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. A auna matsin kowace silinda, kuma bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Motar Amurka daga 1996 da ta Turai daga 2001 suna da mahaɗar da ake jona na'urar bincike, ka sa a karanta, ka kuma lura ko fitilar gargaɗin inji tana kamawa idan an murɗa makulli kafin a tayar, domin akwai masu cire ƙwan gaba ɗaya.

A kan Eclipse akwai abu biyu na musamman. Injin 4G63 yana da wani ƙaramin bel a bayan taimin bel, wanda idan ya tsinke yakan faɗa cikin babban ya kashe inji. Sannan zubin 1995 zuwa sama an san shi da ciwon karanshaf mai motsi gaba da baya, wanda alamarsa ita ce kuloci ya riƙa maƙalewa a ƙasa idan an sha kwana ta hagu. Tsofaffin Mitsubishi kuma kwamfutarsu takan lalace idan wasu ƙananan kayan cikinta suka tsiyaye, har a ji wari kamar na ruɓaɓɓen kifi a cikin mota.

Mataki na biyar: tabbatar da cewa ƙafa huɗun suna nan

A nan ne aka fi cutar masu saye. Gyaran na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya yana da tsada, don haka wasu sukan kashe ɓangaren baya su bar motar tana ja da gaba kawai, kuma a tuƙin cikin gari ba za ka gane ba. Na taɓa raka wani ƙanena duba wata Calibra a bayan wata tashar mai, fentinta yana ƙyalli, dillali yana ta rantsuwa cewa wata tsohuwa ce ta riƙe ta a Beljiyam. Bakaniken da muka je da shi bai ce uffan ba, ya durƙusa ya buɗe akwatin fis, ya nuna mana gurbi na 19 babu komai a ciki. A Calibra, cire wannan fis ɗin yana raba ƙafafun baya da inji. Da aka mayar da shi aka ja motar, sai ga ƙugi yana tasowa daga ƙarƙashi. Dillalin ya ce, "Alhaji, ai haka suke yi idan sun kwana biyu ba a hau ba." Bakaniken ya karkaɗe gwiwarsa ya ce wa ƙanena, "Malam, mu tafi, rana tana yi."

Saboda haka dole a hau rami ko a ɗaga motar. Ka ga farfela da idonka tana nan daga giyabos har zuwa dif ɗin baya, ka duba ko mai yana tsiyaya daga akwatin raba ƙarfi, ka duba robobin da ke rufe gaɓoɓin aksul guda takwas ko sun yage. Celica da Eclipse suna da wata mahaɗa mai ɗauke da mai mai kauri a tsakiya da ke daidaita gaba da baya. Idan ta ƙone, za ka ji motar tana tirjewa tana tsalle idan ka karya sitiyari gaba ɗaya kana zagaye a hankali. TT kuwa tana amfani da na'urar Haldex, wadda ke tura ƙarfi baya idan gaba ta fara sulɓi. Gwajinta mai sauƙi ne: a sami fili mai rairayi, ka tsaya a gefe, a taka mota da ɗan ƙarfi, ka ga ko tayoyin baya sun watsa ƙasa. Tunda kana ƙarƙashin, ka duba tsatsa, domin motar Turai ta sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Jikin TT yana da rufin da ke hana tsatsa, amma Calibra da Celica sukan ci a bakin tayoyin baya da ƙasan ƙofa.

Mataki na shida: gwaji a hanya da ciniki

Ka tuƙa ta aƙalla rabin awa da tsakar rana, da na'urar sanyi a kunne, idonka a kan allurar zafi. A giya ta uku ka taka totur daga ƙasa: ƙarfin ya kamata ya taso sumul, ba tare da yankewa ko kukan jiniya daga turbo ba. Idan juyin inji ya haura amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke sulɓi. A TT ka lura da allon mita, domin allurar mai da ta zafi sukan yi ƙarya idan ya tsufa, kuma ka tabbata tana da ɗan fiffiken nan a baya, wanda kamfanin ya ƙara bayan haɗurran da aka samu da zubin farko a babban gudu. Motar da aka yi wa ƙarin ƙarfi, aka taɓa kwamfutarta ko aka sauya turbo da babba, ni ba na ba da shawarar a saye ta ko da araha, domin zafinmu da manmu ba su bar wa inji sararin da zai ɗauki wannan ƙari ba.

Duk aibin da aka gano a rubuta shi da kuɗin gyaransa, shi ne abin da za ka yi tayi da shi. A yanke la'adar dillali tun farko, kuma kada ka ba da kafin alƙalami sai an gama duba. Idan daga kudu za ta taso, a ɗoro ta a kan babbar mota ko a jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, maimakon a ce tafiyarta ta farko ita ce ta fiye da kilomita 1,000 da tsohon bel da tsofaffin tayoyi.

Mataki na bakwai: gyaran farko

Kada ka yarda da abin da mita ta nuna ko abin da aka ce an sauya. Ka ɗauka ba a yi komai ba. A sa sabon taimin bel da abin ɗaure shi da famfon ruwa a lokaci guda. A injin 1.8T da 4G63, tsinkewar bel tana sa fistin ya daki bawul, kuma famfon 1.8T na asali fukafukansa na roba ne da ke farfashewa da tsufa. Daga nan a riƙa sauyawa duk shekara 4 ko 5 ko da ba a yi tafiya mai yawa ba, domin zafi yana cin roba ko mota tana ajiye. A kwance kaskon mai a wanke rariya. A juye man giya da na dif da na akwatin tsakiya, a TT kuma a sauya man Haldex da matacinsa, sannan a riƙa juye man duk kilomita 30,000. A wanke lagireto, a sa sabon tamostat, a tabbata fanka tana tashi da kanta, a sauya duk bututun roba da ya bushe. Ruwan lagireto na gwangwani za a zuba, wanda kamfanin ya ƙayyade, domin ruwan rijiya yana barin ƙanzo a cikin inji. Man birki kuma duk shekara 2.

Mataki na takwas: zaman yau da kullum

Fetur shi ne babbar jarrabawa. An tsara waɗannan injuna ne domin mai mai lambar oktan 95 zuwa 98, kuma idan mai ya yi rauni yakan fashe kafin lokacinsa a cikin silinda, ka ji ƙara kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani. Kwamfuta takan rage ƙarfi domin ta kare inji, amma kariyarta tana da iyaka, kuma abin da ke biyo baya shi ne fistin ya narke. Tun da litar sufa ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, sannan 840 a 2024, kowa ya san yadda zuwa-zuwa, wato fetur na bakin hanya, ke jan hankali, amma man da ya kwana a jarka a rana, wanda ba ka san abin da aka gauraya masa ba, ba abincin turbo ba ne. Ka zaɓi tasha ɗaya mai yawan ciniki ka riƙe ta, ka riƙa sauya matacin fetur da wuri. Idan larura ta sa ka sha na bakin hanya, ka tafi a hankali ba tare da taka totur sosai ba har ya ƙare.

Baƙin mai ya zama na sintetik na gaske, daga wurin da ka amince da shi saboda jabu ya yi yawa, kuma a juye shi duk kilomita 5,000. Da safe ka ba inji 'yan mintuna na tafiya a hankali kafin ka matsa masa. Bayan doguwar tafiya, kamar wanda ya hauro tsaunin nan na hanyar Garwa zuwa Ngawundare, kada ka kashe shi nan take; ka bar shi yana aiki minti ɗaya ko biyu, domin idan mai ya tsaya a cikin turbo mai zafi yakan soye ya zama gawayi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ɗauki hanya da asuba. Da hunturu ka riƙa duba matacin iska duk mako biyu, ka bar shi a akwatinsa na asali. Buɗaɗɗen matacin nan mai kama da mazurari da samari ke so saboda ƙara, ƙura da iska mai zafi yake shayar da inji.

Tayoyi huɗu dole su zama iri ɗaya, girma ɗaya, cin su ma ya zo daidai, domin taya da ta fi 'yan uwanta ƙanƙanta tana juyawa fiye da su, na'urar tsakiya kuma ta ɗauka sulɓi ake yi, ta yi ta aiki har ta ƙone. A Calibra bambancin da ya wuce milimita 2 ya isa ya jawo ɓarna. Ke nan al'adarmu ta sayen taya ɗaya ta hannu idan ɗaya ta fashe ba ta da wuri a nan. A gefen taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, ka karanta kafin ka biya. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a jan irin wannan mota da ƙafa biyu a sama biyu a ƙasa. Idan ta tsaya, a ɗauke ta gaba ɗaya.

Kaskon man TT na alminiyom ne kuma yana kusa da ƙasa, dutse ɗaya ya isa ya tsaga shi, don haka ka sa maƙeri ya yi mata farantin ƙarfe a ƙarƙashi, ya bar ramukan shan iska. Tudun rage gudu a hau shi a karkace. Da damina, idan ruwa ya cika mayo, wato rafin damina, a Marwa ko ya kwanta a unguwa, ka juya ka nemi wata hanya, domin bakin shan iskar motar yana ƙasa, kuma ruwa kaɗan a cikin silinda yana lanƙwasa ƙarfe. Wanda kuma yake son tsallaka gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Injamena, ya tabbata asiransinsa, wato inshorarsa, yana tare da katin nan mai ruwan hoda na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ya kuma saka koyil ɗaya da fulogi da galan na baƙin mai a but, domin samun irinsu a ranar da ake bukata ba shi da tabbas.